Daren da Mai Jita Ya Sauke Hannunsa

Na san tun kafin in yi nisa akwai mai karatun da zai ce, to me ya kai mutum kamar wannan, magidanci, wanda furfura ta fara leƙo masa a gemu, gidan kiɗan Turawa da dare? Tambaya ce mai kyau, ni ma na yi wa kaina ita a wannan dare. Abin da kawai zan roƙa shi ne a yi haƙuri a ji ƙarshen labarin, in ya so sai a yanke mini hukunci. Domin kuwa rashin jiran ƙarshen magana shi ne ainihin ciwon da nake son yin bayani a kansa, kuma ni ne majinyacin.

A watan Fabrairu na shekarar 2018 ina zaune a Madisin, babban birnin jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka, inda aka tura ni wani kwas na wata tara. Wanda bai taɓa ganin hunturun wannan yanki ba, ko an yi masa bayani ba zai gane ba. Manyan tafkunan nan biyu da suka sa garin a tsakiya daskarewa suke yi, har ka ga mutane sun hau kansu da ƙafa, sun huda ƙanƙara suna kamun kifi. Rana kuwa kafin ƙarfe 6 ta faɗi. Daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai makaranta, sai ko masallaci ranar Juma'a.

Amma ba sanyin garin ne ya fi damuna ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya rasu a 2017, ya bar mana shagon atamfa da shadda a Kano. Ni ne babba, amma ƙanena shi ne yake zama a shagon tun Baba yana da rai. Ba a riga an raba gado ba tafiya ta kama ni, sai na ɗauki kaina a matsayin mai kula da dukiyar daga nesa. Kowace Juma'a sai in zauna in rubuto masa umarni ta WhatsApp, na ɗaya, na biyu, har na goma: sayi kaza, kada ka ba wane bashi, turo mini hoton littafin ciniki. Da na duba littafin sai in ga kuɗi suna fita, riba tana raguwa, ban kuma ga inda suke zuwa ba. Nan fa Shaiɗan ya sami wurin zama. In na kira shi ya fara cewa, "Yaya, ai abin da ya faru shi ne..." sai in ce, "Dakata, bari in gama." To ni kuwa ba na gamawa. Da tafiya ta yi tafiya sai yaron nan ya koma ba ya cewa komai sai, "To, Yaya." Wata huɗu muka yi babu abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. Hajiya mahaifiyarmu tana tsakiya, in na kira ta sai in ji muryarta ta yi sanyi, tana cewa mu dai ji tsoron Allah mu riƙe zumunci.

Mai gidan da nake haya wani dattijo ne Ba'amurke, tsohon kafinta da ya ajiye aiki, shekarunsa sun kai 70, gashin kansa fari fat, ya tara shi ya ɗaure a ƙeya. Baba Kafinta nake ce masa, da na gaya masa ma'anar sunan kuwa ya ji daɗi ƙwarai. Ran nan, wata Asabar da yamma, sai ya ƙwanƙwasa mini ƙofa riƙe da tikiti biyu. Ya ce abokin da za su tafi tare mura ta kwantar da shi, kuma ya lura kwana biyu ko dariyata ba ya ji, don haka in sa riga mu tafi kallon kiɗa. Na ce masa, "Baba, ka san ni ba na shan giya, ba na kuma rawa." Ya ce, "Abokina, ba wanda zai ɗura maka komai. Akwai ruwa, akwai kujera. Kunnenka kawai nake son ka zo da shi." Na rasa yadda zan yi da dattijon nan, mutum ne da ya riƙe ni da mutunci. Na yi sallar isha'i, na zura riga uku da hular sanyi, muka fita.

A mota ya yi mini bayanin irin kiɗan da za mu gani. Ya ce su a can jam-ban suke kiran irin waɗannan makaɗa, wato dai a Hausance makaɗan nan-take, waɗanda ba sa maimaita waƙa yadda suka yi ta jiya. Tushen abin, in ji shi, wata ƙungiya ce mai suna Grateful Dead da aka kafa a jihar Kalifoniya a 1965. Shekara 30 suka yi suna yawo gari-gari, suka yi wasa sama da sau 2,300, har zuwa lokacin da jagoransu Jeri Garsiya ya mutu a watan Agusta na 1995. Akwai kuma Allman Brothers, waɗanda a wani faifai da suka naɗa a gaban jama'a a birnin Niyok a 1971, waƙa guda ɗaya ta cinye gefen faifai sukutum, kusan minti 23. Sannan ga Phish, da wasu ɗaliban jami'a suka kafa a jihar Bamont a 1983, waɗanda a daren shiga shekarar 2000 suka kama kiɗa a Fulorida tun wajen sha biyun dare ba su sauka ba sai da rana ta fito. Na ce a raina, ashe kwanan kiɗa ba mu kaɗai muka iya shi ba. Da ya tuna daga Nijeriya nake, sai ya ƙara da cewa ɗaya daga cikin makaɗan ganga biyu na Grateful Dead, Miki Hat, ya yi aiki da Babatunde Olatunji da Sikiru Adepoju, har suka fitar da faifan ganguna zalla a 1991 wanda ya ci kyautar Girami. Shi Sikiru gangar Yarbawa mai magana yake kaɗawa, 'yar'uwar kalangunmu.

Waɗanda za mu gani dai ba ko ɗaya daga cikin manyan nan ba ne. Wasu ne ƙanana, masu yawo a motar bas da kayansu. Wurin kuma tsohon gidan sinima ne da aka mayar gidan wasa, irin ginin da, mai ado a rufi da jan labule da ya koɗe. Ko an cika shi maƙil ba zai ɗauki mutum dubu ba. An cire kujerun gaba don masu tsayuwa, aka bar na baya da na bene. Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, akwai abin da raina bai so ba: ga masu sayar da giya a bakin shiga, ga warin tabar wiwi yana tashi daga rigunan wasu, ga maza da mata a cakuɗe. Na ja Baba Kafinta muka sami kujera a gefe, kusa da dandamali, inda nake ganin fuskar kowane makaɗi kamar yadda kake ganin mutum a zauren gidanku.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne wasu mutum huɗu ko biyar a tsakiyar zauren, sun kafa dogayen sanduna da makirfo a kai, kowa ya duƙufa a kan 'yar na'urarsa. Na tambaya ko 'yan jarida ne. Baba ya yi dariya ya ce 'yan kallo ne kamarmu, naɗar kiɗan suke yi, kuma da izinin makaɗan. Ya ce tun 1984 Grateful Dead suka ware wa masu naɗa wuri na musamman a wajen wasansu, bisa sharaɗi ɗaya: a yi musaya, a yi kyauta, amma kada a sayar. Dalili kuwa, tunda kiɗan yau ba zai sake dawowa ba, in ba a naɗa ba ya tafi ke nan.

Wajen ƙarfe takwas da rabi aka rage fitilu, sai ga mutum biyar sun fito. Wallahi da a hanya na gamu da su cewa zan yi makanikai ne za su gareji. Babu sanƙira, babu kirari, babu wanda ya gabatar da su. Biyu masu jita, ɗaya mai babbar jitar nan mai kaurin murya da suke kira bes, ɗaya a kan ganguna, ɗaya kuma a gaban fiyano. Mai ganga ya buga sanda sau huɗu, suka kama.

Gaskiya sa'ar farko ban ji daɗinta ba. Za su fara waƙa da baitocinta da amshinta, kamar kowace waƙa, minti huɗu ko biyar. Daidai inda kake zaton za a tsaya, sai mai waƙa ya ja da baya daga makirfo, kiɗa kuwa ya ci gaba, minti goma, minti goma sha biyar, babu kalma ko ɗaya. Ni da na saba komai da lamba, na ɗaya, na biyu, sai na riƙa duba agogo ina cewa mutanen nan ba su san inda za su ba. Jama'a kuwa sai rausaya suke yi, wasu ido a rufe, wani tsoho a gabana yana ta juyi shi kaɗai kamar wanda aka yi wa albishir.

Da na gaji da duba agogo sai na koma kallon fuskokinsu, a nan ne na fara lura da wani abu. Ba wanda yake kallon 'yan kallo. Ba kuma wanda yake kallon hannunsa. Junansu suke kallo. Mai fiyano zai ɗan taɓa wani sauti, sai ka ga mai bes ya ɗaga gira, ya maimaita shi da kaurin murya, mai ganga ya sauya bugu ya ba su wuri, kafin ka ankara duk su biyar sun koma wata hanya dabam ba tare da wani ya ce uffan ba. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, haka muke faɗa, amma a nan sai na ga shi kansa kiɗan ba mutum ɗaya ne yake sauya shi ba.

Sai shagonmu ya faɗo mini a rai. Baba yana da wata tsohuwar rediyo mai kaset a ƙarƙashin kanta, kuma ba ya rabo da kaset ɗin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Kowa ya san Shata da ƙirƙirar waƙa nan take, a tsaye a gaban jama'a, shi ya sa Bakandamiya ma ba iri ɗaya ba ce, kowane ɗauka da yadda ta fito. Muna yara mu baitocin muke bi muna dariya, sai Baba ya ce, "Ku ba ku iya jin waƙa ba. Ku saurari masu kalangun nan da 'yan amshi. Ba su san abin da zai faɗa ba, amma ba ya juyawa ya tarar ba sa nan." Shekara talatin ban tuna da wannan magana ba sai a wannan zaure, tsakanin mutanen da ko sunan Shata ba su taɓa ji ba.

Aka tafi hutu na kusan rabin sa'a, domin al'adarsu ce su raba wasa gida biyu. Na tambayi Baba Kafinta, shin da gaske ba su shirya abin da za su kaɗa ba? Ya ce farkon waƙa da ƙarshenta sun san su, sun kuma sha gwaji a gida har kowa ya san halin hannun ɗan'uwansa. Tsakiyar ce ba wanda ya sani. Na ce to ai ba a fafe gora ranar tafiya. Ya ce kuma kada in zaci kullum ake dacewa. Shi ya ga Grateful Dead fiye da sau 60, akwai daren da suka yi ta lalube har aka tashi ba su sami komai ba, ya koma gida da haushin kuɗin tikitinsa. Na ce to me ya sa kake komawa? Ya ce, "Saboda daren da suka samu."

Da aka dawo, a waƙa ta biyu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami ya faru. Sun yi nisa cikin kiɗa, babban mai jitar, wanda ga alama shi ne shugabansu, ya ɗauki zafi, yatsunsa suna gudu, sauti yana hawa yana hawa. To ko ni da ban san kan abin ba sai na ji wani abu ya goce. Shi yana gaba, mai ganga yana baya, mai fiyano ya bi wata hanya, kiɗa ya zama kamar kasuwa ta watse. Masu rawa suka fara tsayawa ɗaya bayan ɗaya. Na ce yau za a ji kunya. A zatona shugaban zai ƙara ƙarfi ne ya danne sauran, ya tilasta musu su biyo shi, don lasifikarsa ta fi ta kowa ƙara, kuma abin da ni zan yi ke nan.

Sai mutumin nan ya sauke hannunsa daga kan jita. Ya sake ta tana lilo a wuyansa, ya sunkuyar da kai, ya karkata kunne wajen mai bes, a gaban mutum ɗari bakwai ko takwas da suka biya kuɗi don su ji shi. Da ƙararsa ta ɗauke sai muka ji ashe tun ɗazu mai bes, wani siririn yaro da ke tsaye can baya kusa da ganguna, yana ta maimaita wasu sautuka uku a hankali, ba wanda ya ji shi. Mai ganga ya kama su. Mai fiyano ya shigo a sannu kamar mai sallama a gidan surukai. Shugaban bai taɓa jitarsa ba, ina jin ya fi minti biyu, wanda a kan dandamali ba ƙaramin lokaci ba ne. Da ya tashi shigowa kuma bai dawo da abin da yake yi da ba, sautukan yaron nan uku ya ɗauka ya yi musu ado. Kai, jama'a! Zauren nan ya ɗauki sowa har sai da na ji kujerata tana rawa. Baba Kafinta ya dafa kafaɗata yana ihu, idonsa ya kawo ruwa, wai ga irin daren da yake faɗa mini.

Ni kuwa jikina ne ya yi sanyi. Ban ji sauran wasan ba sosai. Abin da nake ta ji a kunnena shi ne, "Yaya, ai abin da ya faru shi ne..." Sau nawa yaron nan ya fara wannan magana? Na ƙirga sau uku da nake iya tunawa, kuma duk sau ukun ni na katse shi. Ni ne babba, ni ne mai digiri, ni ne mai babbar lasifika. Ban taɓa tambayar kaina ba ko mutumin da ya yi shekara goma sha biyu a gindin Baba a shago ya san wani abu da ni ban sani ba.

Muka fito wajen sha biyun dare, dusar ƙanƙara tana sauka. Tsakanin Madisin da Kano a lokacin hunturu sa'a bakwai ne, wato a gida ƙarfe 7 na safe ta yi. Ko takalmi ban cire ba na kira shi. Muka gaisa, ya yi shiru yana jiran na ɗaya da na biyu. Na ce, "Ran nan ka fara gaya mini abin da ya faru da kuɗin shago ban bari ka ƙarasa ba. Ƙarasa, ina jin ka." Ya ɗan jima bai ce komai ba, sannan ya fara. Wallahi sau biyu magana ta zo mini har leɓe na haɗiye ta. Can sai ya tsaya ya ce, "Yaya, kana kan layi kuwa?" Ya zaci waya ce ta yanke, don bai saba jin shiruna ba. Wannan tambaya ta fi komai yi mini ciwo.

Ashe bashi ne. Baba ya karɓi kaya wurin wani dila abokinsa, a kan amana, babu takarda, kuma a kwanakin jinyarsa na ƙarshe ya gaya wa ƙanena ya biya a hankali, kada ya bari maganar ta fita ta taɓa mutuncinsa. Shi ne yake cirewa kowane wata yana kaiwa, bai rubuta suna a littafi ba saboda yaran shago suna dubawa. Kuma kowa ya sani, a shari'a sai an biya bashin mamaci kafin a raba gado. Wato abin da nake zarginsa a kai, nauyi ne da ke wuyanmu duka yake sauke mana shi kaɗai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ba zan ce daga ranar komai ya gyaru ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai, amma an ɗauki watanni kafin ya koma yi mini wasa kamar da, kuma har yau akwai abin da in ya taso sai in ga ya fara auna fuskata kafin ya yi magana. Abin da ka ɓata da bakinka ba rana ɗaya yake gyaruwa ba. Ni ma halin bai sake ni gaba ɗaya ba, uwargida shaida ce. Sai dai yanzu in na ji "dakata in gama" ta taso mini, nakan tuna mutumin nan da jita tana lilo a wuyansa.

Ɗan'uwa mai karatu, ban rubuta wannan don in ce ka tafi gidan kiɗa ba. Ni kaina ban sake komawa ba, kuma abin da malamai suka faɗa game da irin waɗannan wurare yana nan, ban fi ƙarfinsa ba. Abin da na gani ne na faɗa. Mu manya, yayye da iyaye da masu gida da shugabannin ma'aikata, mun ɗauka girma shi ne muryarka ta fi ta kowa. In al'amari ya rikice sai mu ƙara ɗaga ta, alhali wataƙila akwai wani ƙarami can baya da ya daɗe yana maimaita gaskiyar magana a hankali, ƙararmu ce ta hana a ji shi. In kana da irin wannan a gidanka, ƙane ne ko ɗa ko mata ko yaron shago, wanda ya koma ba ya ce maka komai sai "to", kada ka ɗauka biyayya ce. Kira shi yau, ka tambaye shi, sannan ka kama bakinka har ya kai aya.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya ba mu kunnen jin na ƙasa da mu, ya kuma bar mu da 'yan'uwanmu lafiya. Amin.